Ƙarin dalma a kontirolar kekena: mako uku na ji daɗi

Kekena Phoenix ne, da hannuna na mayar da shi na lantarki bayan an cire tallafin mai a 2023. Injin 350W a tayar baya, batiri 48V da na haɗa daga ƙwayoyin 18650 na tsofaffin laftof, jeri 13, kowane jeri ƙwaya huɗu. Kontirolar, wato akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa injin daga batiri, ƙarama ce, mai mosfet shida (ƙananan makunnan da ke buɗe wa injin wuta su rufe), amp 17 aka rubuta a jikinta, wato iyakar wutar da take saki. A miƙaƙƙen titi ba laifi, amma da zarar na ɗora kaya na tunkari gadar sama sai na taimaka masa da feda.

Wani mai gyaran inbata a Sabon Gari aka yi mini kwatancensa. Ya buɗe kontirolar, ya nuna mini wata gajeriyar waya mai kauri da suke kira shont, wadda da ita kontirola ke auna wutar da ke wucewa. Idan aka lulluɓe wani sashe nata da dalma, sai kontirolar ta ɗauka wuta kaɗan ce ke tafiya, ta ƙara saki. Minti goma bai cika ba ya gama. Hannunsa da tsafta, wannan ba zan ɓoye ba. Ya ce, "Malam, yau sai ka wuce 'yan Adaidaita."

A tashi kam na wuce su. Ina murɗa totur keken ke zabura, gada kuwa kamar ba a hawa. Na ari mita na auna, amp 29. Sai dai gudun ƙarshe yana nan inda yake, domin gudu a hannun batiri yake, amp ƙarfin ja kawai yake ƙarawa. Wannan bai faɗa mini ba. Duk da haka har mutum biyu na tura wajensa.

Sai ranar wata Laraba cikin watan Afrilu, ƙarfe biyun rana, zafi kamar ana gasa mutum. Na ɗauko rabin buhun shinkafa, ina tsakiyar hawa gadar Ƙofar Nassarawa, keken ya yi wata girgiza ya tsaya cak. Ba mutuwa kawai ya yi ba, tayar baya ce ta cije. Adaidaita a bayana yana ta hon, mota ta goge ni kaɗan ya rage, ƙauri na tashi daga ƙarƙashin sirdi. Na tura, ya ƙi. Na sake turawa, kamar an danne birki. Sai da na durƙusa a gefen gadar na zare manyan wayoyin nan uku da ke shiga injin kafin taya ta saki. Kwalin kontirolar ko taɓuwa ba ya yi. Haka na gangaro da keke da buhu a ƙafa, gwiwoyina na rawa.

Da na koma, cewa ya yi, "Ai kaya ka yi masa da yawa, Malam." Na ce, "Injiniya, don kayan fa na kawo maka shi." Mosfet biyu ne suka ƙone suka haɗe, shi ya sa taya ta riƙe. Ya canza su bai karɓi ko sisi ba, ya rage dalmar, zuciyata ta ɗan yi sanyi, har na ce to, tsautsayi ne.

Amma da na zauna na yi lissafi sai raina ya sake ɓaci. Amp 29 a kan ƙwaya huɗu, kowace tana ba da sama da amp 7 ke nan, alhali batirin laftof ba don wannan aka yi shi ba. Ko sau ɗaya bai tambaye ni wane irin batiri gare ni ba, bai sa mita ba, da ido ya zuba dalmarsa. Cajin da ke kai ni kilomita 35 yanzu da ƙyar yake yin 22, kuma rage dalmar bai dawo da shi ba. Wata biyu na yi ina tattara ƙwayoyin nan, ina gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Na sayi kontirola mai mosfet 12, na ɗaura ta a fili inda iska ke dukanta. Mutanen nan biyu da na tura na kira su na ce su je a cire musu dalmar. Ɗaya ya je, ɗayan ya ce shi nasa lafiya lau yake.