Gidan tarihin matan DAR a Washington: ku nemi mai zagayawa da baƙi

Na fara ganin matan nan ne ranar da na yi rantsuwar zama 'yar ƙasar Amurka. Muna fitowa daga zauren sai ga dattijai mata uku a bakin ƙofa, kowacce da lambobi jere a ƙirji, suna miƙa mana ƙananan tutoci suna yi mana barka. Na zaci ma'aikatan gwamnati ne. Da na tambayi ɗayarsu sai ta ce a'a, su 'yan kwamiti ne a reshen ƙungiyar DAR na yankin, ba mai biyansu ko sisi, har man motar da suka zo da ita daga aljihunsu ya fito. Ita ce ta ce in na samu sarari in leƙa gidan tarihinsu. Sai bayan shekara biyu Allah ya yi. Ran wata Asabar na ja 'yata mai shekara 11, muka hau jirgin ƙasa daga Silver Spring, muka sauka a tashar Farragut North, muka ƙarasa da ƙafa.

Cikakken sunan ƙungiyar Daughters of the American Revolution, wato 'ya'ya mata na juyin juya halin Amurka. An kafa ta a 1890, kuma mace ba ta shiga sai ta kawo takardun da ke nuna cewa wani kakanta ya taimaka a yaƙin neman 'yanci daga Ingila, tsakanin 1775 da 1783. Ni dai ba ni da hanyar shiga, amma gidan tarihin na kowa ne, kuma kyauta ake shiga. Yana lamba 1776 a titin D, 'yar tafiya kaɗan daga Fadar White House.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne ɗakuna 31 da aka shirya kamar yadda gidajen Amurkawa suke a da. Matan jihohi ne suka raba su a tsakaninsu, kowace jiha da nata ɗakin, su ke tara kuɗin kula da shi. Masu zagayawa da baƙi ma 'yan ƙungiyar ne masu aikin sa-kai. Wadda ta zagaya da mu ta ba saba'in baya, tsohuwar malamar makaranta ce, tana tafe tana ɗan dafa bango. Ta ce sai da ta yi horo kafin a bar ta ta riƙe baƙi ita kaɗai. Na ga alamar haka, don ba hadda take zubowa ba, duk abin da 'yata ta nuna da yatsa tana da labarinsa.

A ɗakin jihar New Jersey muka fi daɗewa. Bangonsa da kujerunsa duk baƙin katako ne mai nauyi, kuma katakon daga jikin wani jirgin yaƙin Ingila aka ciro shi, mai suna Augusta, wanda ya nutse a kogin Delaware a 1777. A can sama, a ɗakin matan New Hampshire, kayan wasan yara ne cike, 'yan tsana da dawakan katako. Da ƙyar na ɓamɓare yarinyar daga wurin.

Ni kuwa barguna ne suka tsayar da ni, irin waɗanda ake haɗawa da guntayen yadi a ɗinke da hannu. Baabar da ke zagayawa da mu ta sa na sunkuya na dubi bakin wani, ta nuna min yadda ɗinkin ya tafi ƙanana ƙanana a jere, sai a wani lungu ya ɗan karkace ya yi faɗi. Ta ce tana jin nan hannun wata ce daban, wataƙila yarinya ce ake koya wa. Nan take na tuna tasoshin jeren kakata, waɗanda aka rabar bayan rasuwarta, yau ko ɗaya ban san inda take ba. Waɗannan matan sun ɗauki kayan ɗakin mace, allurarta da tukunyarta, a matsayin tarihin ƙasa, kuma sun fi shekara ɗari suna tattara su.

Akwai maganar da na shigo da ita a raina, kuma ban yi niyyar fita ban yi ta ba. A 1939 wannan ƙungiya ta hana mawaƙiya baƙar fata, Marian Anderson, yin waƙa a babban zaurenta na Constitution Hall, wanda ke haɗe da wannan ginin. Uwargidan shugaban ƙasa Eleanor Roosevelt ta fice daga ƙungiyar saboda haka, aka shirya wa mawaƙiyar taro a gaban ginin tunawa da Lincoln ranar 9 ga Afrilu, mutum kusan 75,000 suka hallara. Na tambayi Baabar a gaban 'yata, ina kallon fuskarta. Ba ta kauce ba. Ta ce an yi, kuma ba daidai aka yi ba. Ta ƙara da cewa Anderson ta yi waƙa a zauren a 1943, kuma daga nan ta fara rangadinta na bankwana a 1964. Da kanta ta kawo labarin Lena Ferguson, baƙar fatar da wani reshe a Washington ya ƙi karɓa, sai a 1984 ta samu shiga bayan doguwar gwagwarmaya, abin da ya sa ƙungiyar ta shiga binciko sunayen baƙaƙen fatar da suka yi yaƙin 'yancin. Ban ce wannan ya goge abin da ya faru ba. Amma da ta yi min kwana-kwana, da nan ziyarar ta ƙare a wurina, kuma da ban rubuta wannan ba.

Wanda zai je, ya duba lokutan zagayawa kafin ya fito daga gida, domin ba a buɗewa ran Lahadi. Masu ƙananan yara su sani cewa yawancin ɗakunan daga bakin ƙofa ake kallonsu, ba a taɓa komai. Akwai kuma babban ɗakin karatu na binciken asalin dangi, ko leƙawa kawai mutum ya yi ya ga tsarin ginin ya isa. Kada ku ce za ku zaga ku kaɗai kuna karanta allunan bango, ku nemi mai zagayawa da baƙi. Mun yi kusan awa ɗaya da tamu. Da za mu rabu na ciro ɗan abin da ya sawwaƙa na miƙa mata, ta maida min hannuna, ta nuna min akwatin gudummawa, ta juya wajen wasu baƙi huɗu da ke jiranta a ƙasan bene.