Faifan farko na King Crimson ko na Yes: wanne ya fi?

King Crimson da Yes ƙungiyoyin mawaƙa ne na Ingila. Faifan nasu dukansu a Landan aka yi su, a 1969, lokacin da matasan Ingila suka fara cusa salon jazz da kiɗan gargajiyar Turai cikin kiɗan rock. Na Yes ya fito a Yuli, na King Crimson kuma, mai suna In the Court of the Crimson King, a Oktoba.

Na King Crimson waƙoƙi biyar ne kacal, amma kowace doguwa. Ta farkon tana buɗewa da jitar Robert Fripp da saksofon ɗin Ian McDonald suna gurnani tare, an gurɓata muryar Greg Lake da gangan. Tana ƙarewa sai sarewa mai sanyi ta karɓa. Ga kuma melotron, na'urar da ke fitar da sautin goge daga tef, wadda ta cika faifan da kwarjini. Aibinsa ɗaya: waƙar Moonchild, inda suka ɓata mintoci suna ƴan taɓe-taɓe marasa alkibla. Duk da haka ya kai na 5 a jerin cinikin Birtaniya.

Na Yes kuwa waƙoƙi takwas ne, biyu aro ne daga ƙungiyoyin Beatles da Byrds. Muryar Jon Anderson da jitar bas ta Chris Squire sun yi daɗi, ba musu, sai dai ana jin har yanzu laluben hanya suke. Sai a 1971, bayan zuwan mai kaɗa jita Steve Howe, suka nuna.

Ni na King Crimson zan ɗauka. Shi kansa mai gangar Yes, Bill Bruford, can ya koma a 1972.