Gargaɗi ga kafintocin Kano: mai tallar rauta da ya ce tana hawa kowane tebur

Assalamu alaikum 'yan uwa kafintoci, na Gandun Albasa da Na'ibawa da Rijiyar Lemo da duk wanda yake da tsohon teburin rauta, injin nan da ake fitar da ado a jikin katako da shi, a shagonsa. Akwai wani mutum da yake yawo da talla a Facebook da zaurukan WhatsApp na masu sana'ar katako, yana cewa ya shigo da rautoci 'yan Beljiyam, kuma kowace yana haɗa ta da farantin da ake ɗaura ta a jikin tebur da shi, wai "mai hawa kowane tebur". Ku yi hattara da shi. Ya cuci maƙwabcina na shago, ya cuci wani yaro da ya koyi aiki a hannuna, kuma da maganar ta fito a majalisa sai ga wasu ma sun ce ya taɓa su. Sunansa ba zai amfane ku da komai ba, domin yau Alhaji ne, gobe Injiniya, lambar waya da ta akawun ma canzawa suke yi. Salonsa ne ba ya canzawa.

Mutumin nan ya san inda yake mana ciwo. Da yawanmu teburin da muke aiki a kai gadonsa muka yi wajen maigida, ko an sayo shi na hannu shekaru da yawa. Tebur lafiya lau, ƙarfe mai nauyi, amma rautar da ta zo da shi an ɗaure mata kwayil har an gaji, kuma irinta ta bar kasuwa. Ka shiga Sabon Gari ka sayo sabuwa, ka zo ɗaurawa, ramukan noti su ƙi haɗuwa. Ga aikin kayan ɗaki an sa ranar biki, iyayen amarya suna ta kiran waya. A irin wannan hali, wanda ya ce maka yana da injin da za ka ɗaura yau ka ci gaba da aiki gobe, dole ka saurare shi.

Zai turo maka bidiyo, rauta a kife a ƙarƙashin tebur tana ta cin katako. Ka lura, ba ya taɓa nuna takardar da ke jikin injin, ba ya nuna ƙasan farantin. Kuɗin da zai faɗa bai kai na kasuwa ba ko kusa, alhali banza ba ta kai zomo kasuwa. Sai ya ce saura biyu suka rage, ka tura rabi kafin alƙalami, kayan suna Legas zai sa maka a mota. Bayan kwana biyu wani ya kira ka a matsayin direba, ya ce sai an ƙara kuɗin kaya kafin ya sauke a tasha. Wasu daga nan labari ya ƙare, waya a kashe. Waɗanda kuwa kwali ya iso musu, sai sun cika ragowar kuɗin kafin a miƙa musu, kuma abin da ke ciki shi ne babbar cutar.

Na maƙwabcina a gabana aka buɗe. Injin ya sha goge da mai yana ta sheƙi. An yanke wayarsa ta asali an jona sabon filogi mai baki uku irin namu, an naɗe mahaɗar da baƙin tef. A jikin takardar, daidai inda ake rubuta ƙarfin wuta, an kankare da reza. Amma mai kankarar ya bar wajen amf, an rubuta 15. Wannan kaɗai ya isa shaida. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce, rauta babba mai wat 2,100 da aka yi don irin wutarmu ba ta wuce jan amf tara zuwa goma. Wadda take jan 15 ta Amurka ce, inda wutarsu take 120. Akwai kuma na Ingila da ake aiki da su a wajen gini, masu 110, waɗanda suke zuwa da filogi ruwan ɗorawa mai zagaye. Dukkansu injina ne nagari a ƙasarsu, kuma a nan ma suna aiki idan an haɗa su da taransifoma mai rage wuta wadda ta fi ƙarfinsu. Mai gaskiya zai gaya maka haka ka yi lissafinka. Shi kuwa wannan ɓoyewa ya yi. Kafin mu ankara wani yaron shago ya jona rautar. Ta yi wata irin ƙara mai kaifi, tartsatsi ya fito ta wajen burosh, wari ya tashi, ko minti ɗaya ba ta yi ba ta tsaya. Da aka kira mai tallar, cewa ya yi, "Malam, janaretanka ne ya ba ta wuta da yawa." Daga nan ya toshe lambar.

Rautar yaron nan da ya koyi aiki a hannuna ita ta fi tayar min da hankali, domin tasa ta tashi, ta wutarmu ce, har ya yi murna. Matsalar tana wajen kolet, ƙarfen nan da yake damƙe ƙafar bit, wato bakin da yake yankan katako. Nata na rabin inci ne, wato milimita 12.7, shi kuwa bit ɗin da yake da su na milimita 12 ne. A ido ba ka ganin bambanci. Haka ma na kwatan inci, wanda yake 6.35, da na milimita 6. Amma kolet ba ya damƙe abin da ya gaza shi, ko da ka matse da sifana har ƙarfinka ya ƙare. Da yaron ya ce wa mai tallar bit yana lilo, sai ya ba shi shawara wai ya yanko gwangwanin madara ya naɗe ƙafar. Jama'a, abin da yake juyawa sama da sau 20,000 a minti ɗaya, kuma a tebur bakinsa sama yake kallo, wajen yatsunka da fuskarka! Yana cikin fitar da adon ƙofar sif bit ya zame ya hauro, ya fizge katakon daga hannunsa ya yi jifa da shi, ya tsaga shi gida biyu. Allah ne ya tsare masa yatsu. Da ya zo min da guntun katakon, jikinsa na rawa, abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Maigida, wallahi rantsuwa ya yi min." Yaro ne da ya tara kuɗin nan da guminsa don ya tsaya da ƙafarsa.

Farantin da ya turo masa kuwa wata roba ce siririya da aka tsattsaga mata dogayen ramuka, wai duk inda notinka ya faɗa sai ka ɗaure. Babbar rauta tana kai kilo shida. Ka rataye wannan nauyi a jikin roba mai laushi cikin zafin Kano, tsakiyar za ta lotsa, zurfin yankanka ya riƙa canzawa daga farkon katako zuwa ƙarshensa, noti kuma ya riƙa tafiya cikin ramin duk lokacin da injin ya girgiza.

Maganar "kowane tebur" ƙarya ce tun daga tushe. Ƙasan wata rautar ramuka uku ne, na wata huɗu, kuma tazararsu ba ɗaya ba ce. Tsofaffin tebura da yawa da suka fito daga Amurka an huda su ne daidai da ramuka ukun rautar Porter-Cable 690, don haka ba lallai Makita ko wata ta hau kai tsaye ba. Zaren notin ma ya bambanta, wani na inci ne wani na milimita, idan ka tilasta ka cinye zaren da ke jikin injin. Shi kansa farantin girmansa kala-kala ne: akwai mai inci 9¼ da 11¾, akwai mai 8¼ da 11¾, tsofaffin tebura kuma wasu nasu daban ne gaba ɗaya. Gaskiya ne akwai faranti na kirki mai ramuka da yawa, amma kamfanin da ya yi shi yana lissafa sunayen rautocin da yake ɗauka ɗaya bayan ɗaya.

Kuma aikin nan ba ya buƙatar wani ɗan tsakiya. Ka kwance baƙar robar da ke ƙasan sabuwar rautarka, ita ce ma'auninka. Ka samu farantin alminiyam mai kauri, kamar milimita 8 zuwa 10, a yanka shi daidai bakin teburinka. Ka ɗora robar a kai, ka tabbatar tsakiyarta ta hau tsakiyar ramin bit, ka juya ta yadda hannayen injin ba za su tokari ƙafar tebur ba kuma makunni yana inda hannunka zai kai. Sannan ka yi alama, a huda, a faɗaɗa bakin ramukan yadda kan noti zai nutse kada ya kama katako. Notin ya zama mai zare irin na injin, wanda ya fi na asali tsawo gwargwadon yadda farantin ya fi robar kauri. Masu aikin ƙarfe a Kofar Ruwa suna yin abin da ya fi wannan wuya.

In za ka sayi ta hannu, ka tafi da tsohon farantinka da bit ɗinka guda ɗaya a aljihu. Ka karanta takardar jikinta da idonka, in an kankare ko an liƙa sabuwa a kai ka ajiye musu abinsu. A jona ta a gabanka ta yi gudu na ɗan lokaci, ka saurari ƙarar boris, ka sa bit ɗinka ka ji ko kolet ya kama shi tun kafin a matse sosai. Wanda ya ce kayansa suna Legas, ka ce wani naka zai je ya gani kafin ka tura ko sisi. A nan za ka ji ya fara kame-kame.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, don Allah kada kunya ta sa ya yi shiru, shirun nan ne yake ba mutumin damar kama na gaba. Ka kira bankinka nan take ka shigar da ƙorafi, ka adana rasit da duk hirarku da saƙonnin murya kafin ya goge, ka kai rahoto ofishin 'yan sanda, hukumar EFCC ma tana da ofis a Kano. Idan kwalin ya iso, kada ka jefar da shi ko injin, shaida ne. Masu kula da zaurukanmu kuma, duk wanda ya sa tallar rauta ku ce ya nuna hoton takardar jikinta da adireshin shagon da za a iya zuwa a same shi, in ya ƙi ku cire tallar.