Hoton eko ko duban gindin farce: wanne ya fi wa mai gazawar zuciya?

Idan ƙafafun mutum suka kumbura, numfashi na yi masa wuya in ya kwanta, akan zargi gazawar zuciya, wato zuciyar ba ta tura isasshen jini, kuma hoton eko na cikin gwaje-gwajen da likita zai fara nema. Na'urar tana amfani da sauti ta nuna zuciya tana bugawa, a auna kason jinin da take turawa a kowane bugu. In kason ya zama kashi 40 cikin 100 zuwa ƙasa, ƙarfinta ya ragu. Da eko ake tabbatar da ciwon zuciyar bayan haihuwa da ke addabar matanmu a arewacin Najeriya.

Duban gindin farce kuwa, mai ake ɗigawa a fatar da ke bakin farcen, a ɗora madubin da ke ƙara girman abu sau 200. Sai ka ga ƙananan jijiyoyin jini sun jeru, kowace ta lanƙwaso kamar ƙugiya. Yatsu takwas ake dubawa, ban da manyan. Mai lafiya yakan samu jijiyoyi bakwai ko fiye a milimita ɗaya. Ba allura, ba zafi, shi ya sa nake ƙaunar wannan hanyar. Tun 2013 ta shiga ƙa'idojin gane cutar taurin fata, amma a gazawar zuciya har yanzu bincike ake yi. Sanyi na tsuke jijiyoyin, duhun fata kuma na rage ganinsu.

Don haka in kuɗin gwaji ɗaya ne a hannunka, ɗan'uwa, ka yi eko.