Kafin ka saya wa yaro littafin labari, ra'ayin wa ka nema?

A kan kantar littattafan gidana akwai guda biyu da suke maƙwabtaka. Ɗaya yana ɗauke da tambarin lambar yabo a bangonsa, fes da shi kamar yau aka fito da shi daga leda. Ɗayan kuwa bangonsa ya yage har an liƙe shi da salatif sau biyu, wasu shafukan sun sha ruwa sun kumbura. Na farkon ni na zaɓa, bayan na karanta yabon da masana suka yi masa. Na biyun 'yata ce ta ɗauko da kanta, ina harararsa, ina cewa a raina wannan ai shirme ne. Ta karanta shi ya fi sau biyar, ta ara wa ƙawayenta, ya dawo a jigace. Nawa kuwa a babi na biyu ta tsaya, ta ce, "Baba, ba abin da yake faruwa a ciki."

Tun daga ranar, duk sa'ad da zan sayi littafin yara sai na fara tambayar kaina, ra'ayin wa nake shirin biya wa kuɗi? Adabin yara yana da wani abu da sauran kaya ba su da shi. Babba ne yake rubutawa, babba yake bugawa, babba yake yin sharhi, babba yake biya, sannan a miƙa wa wanda ba a tambaya ba a ce ya ji daɗi.

Masu buga littattafai da suka san sana'arsu sun daɗe da gane wannan. A 1936, wani mai kamfanin ɗab'i a Landan, Stanley Unwin, ya ba ɗansa Rayner mai shekara 10 wani rubutaccen labari ya karanta ya faɗi ra'ayinsa, ladansa sule guda. Yaron ya rubuta cewa labarin ya yi, kuma zai burge yara 'yan shekara 5 zuwa 9. A kan wannan aka buga labarin, wato The Hobbit, a 1937. Bayan shekara sittin irin haka ta sake faruwa: kamfanoni da dama sun ƙi karɓar littafin farko na Harry Potter, sai da 'yar shugaban kamfanin Bloomsbury mai shekara 8 ta karanta babin farko ta nemi a kawo mata sauran. Aka buga shi a 1997. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A harkar littafin yara, wani lokaci yaron ne a kan rimin, mu muna ƙasa.

Lambar yabo, amma ta wa?

Tambarin da ake liƙawa a bango iri biyu ne, kuma da wuya mai sayarwa ya bambanta maka su. Akwai lambobin da manya suke bayarwa. Newbery ta Amurka tun 1922 take, Carnegie ta Birtaniya tun 1936, kuma dukansu ma'aikatan laburare ne alƙalansu. Suna duba kyan rubutu, zurfin ma'ana da gwanintar ginin labari. Akwai kuma waɗanda yara ne suke jefa ƙuri'a. Young Reader's Choice Award, ta yankin arewa maso yammacin Amurka da yammacin Kanada, an fara ta a 1940. A Birtaniya akwai Children's Book Award, wadda yara kaɗai suke zaɓen wanda ya ci. A Jamus, babbar lambar adabin yara ta ƙasar, wadda aka kafa a 1956, ta ƙara rukunin alƙalai matasa a 2003. Ita ma Carnegie tun 2019 tana ba da lamba ta daban ga littafin da ƙungiyoyin ɗalibai masu karatu suka fi so, kuma ba kullum zaɓinsu yake dacewa da na manyan alƙalai ba.

Abin da na lura shi ne, littafin da yara suka zaɓa yakan fara da gudu, yakan ba da dariya ko fargaba tun a shafukan farko, kuma yaro zai iya cinye shi shi kaɗai ba tare da an zauna masa a kai ba. Wanda manya suka zaɓa yakan fara a hankali, yakan taɓo mutuwa, rabuwa ko rashin adalci, kuma daɗinsa sai an yi nisa. Idan yaronka bai riga ya kamu da son karatu ba, sayi na farkon. Na biyun ajiye shi ga wanda ya riga ya kamu, ko kuma ka saya da niyyar ku karanta tare, kai kana karantawa da ƙarfi shi yana saurare.

Taurarin da ake bayarwa a shafukan sayar da littattafai na intanet kuwa, a yi hattara da su. Yawancin shafukan ba sa barin wanda bai kai shekara 13 ba ya buɗe asusu, don haka taurari biyar ɗin da ka gani a kan littafin 'yan shekara 8, iyaye ne da malamai da kakanni suka ba da su. Shafin Common Sense Media yana raba sharhin iyaye da na yara, kowanne da gurbinsa, kuma karanta su gefe da gefe yana da amfani: uwa tana kuka da wata kalma mara kyau a shafi kaza, ɗanta kuma kukansa shi ne tsakiyar labarin ya yi sanyi.

"Ya gundure ni"

Wannan ita ce kalmar da yara suka fi yanke wa littafi hukunci da ita, kuma mai saye ya kamata ya iya fassara ta, domin ma'anarta ba ɗaya ba ce.

Wani lokaci tana nufin rubutun ya fi ƙarfinsa. Yaro ba zai ce "kalmomin sun yi mini wuya" ba, girman kai ba zai bar shi ba. Malamai suna da wata dabara mai sauƙi: a buɗe shafi ɗaya a tsakiya, yaro ya karanta, duk kalmar da bai sani ba ya ɗaga yatsa. Idan yatsu biyar suka tashi kafin shafin ya ƙare, a bar littafin sai gaba. Idan babu ko ɗaya, zai yi masa daɗin hutawa amma ba zai ƙara masa komai ba, kuma wannan ma ba laifi ba ne. Biyu ko uku shi ne daidai.

Wani lokaci kuma tana nufin jarumin labarin ya yi masa ƙanƙanta. Yara suna son bin wanda ya ɗan girme su da shekara ɗaya ko biyu. Ɗan shekara 11 ba ya son a gan shi da labarin ɗan shekara 8, ko da labarin ya fi kowanne kyau. Ka tuna shi ma Rayner, yana da 10, sai ya ce littafin na 'yan 5 zuwa 9 ne. Duba bayan littafi, sau da yawa ana faɗin shekarun jarumin a can.

Ma'ana ta uku ita ce wadda ta fi ba manya haushi: yaron ya shinshino wa'azi. Labarin da aka gina shi don a koyar da gaskiya ko tsabta ko biyayya, aka ɗora masa mutane kamar gumaka don su riƙe darasin, yaro yana gane shi tun shafi na uku. Ba ƙin darasi yara suke yi ba. Sun saurari tatsuniyar Gizo sau ɗari sun kuma san makomar mai haɗama, amma Gizo yana ba su dariya kafin ya sha kashi. Idan ka buɗe littafi ka ga yaron cikinsa bai taɓa yin kuskure ba, kuma kowane babba a ciki mai hikima ne, mayar da shi inda ka ɗauko.

Don haka kada ka tsaya a "ya yi daɗi?" Amsar da za ka samu ita ce wadda yaro yake ganin za ta faranta maka. Tambaye shi wa ya fi ba shi haushi a labarin, ko a ina ya so ya ajiye littafin, ko wane abokinsa zai ara wa. Wanda ya karanta da gaske zai cika ka da surutu.

Shekarun da aka rubuta a bango

Lambobin nan, 6 zuwa 9, 8 zuwa 12, 13 zuwa 18, kintace ne na kamfanin da ya buga. Inda matsala take shi ne tsakanin rukuni na biyu da na uku. Wani binciken kamfanin Bowker a Amurka a 2012 ya nuna kashi 55 cikin 100 na masu sayen littattafan matasa mutane ne da suka kai shekara 18 ko suka wuce, kuma yawancinsu wa kansu suke saya. Kasuwa tana bin mai kuɗi, saboda haka da yawa daga littattafan da aka yi wa lakabin na matasa jarumansu 'yan 17 ne, kuma akwai soyayya mai nauyi ko zubar da jini a ciki. Yarinya 'yar shekara 11 mai ƙwazon karatu za ta iya karanta kowace kalma, amma iya karantawa daban, dacewa daban. A nan kam ra'ayin yaro bai isa shi kaɗai ba. Karanta babi ɗaya daga tsakiya da kanka, ba na farko ba, domin na farko kullum a wanke yake.

Mai ci gaba ko mai ƙarewa a ɗaya?

Idan ka bar yara su zaɓa, galibinsu littafi mai na ɗaya, na biyu, na uku za su ɗauka. Dalilin a fili yake. Aikin da ya fi wahala a karatu shi ne sanin su waye mutanen, ina suke, me suke nema. A littafi na biyu an riga an gama wannan aikin, sai zallar labari. Ga yaron da karatu yake yi wa nauyi, wannan babban sauƙi ne, kuma da yawa daga cikin manyan masu karatu ta wannan ƙofar suka shigo. Kada ka damu idan duk littattafan jerin sun yi kama da juna.

Tarkon yana wurin kuɗi. Kwalin da aka haɗa littattafai goma yana da arha idan aka raba farashin, amma sayen kifi a ruwa ne matuƙar yaron bai karanta na farko ba. Sayi ɗaya, ko ka aro. Idan ya dame ka da maganar na biyu, to ka samu amsarka. Sai kuma a lura da jerin da yake girma tare da mai karatu. Jarumin Harry Potter yana da shekara 11 a littafin farko, 17 a na bakwai, kuma labarin yana ƙara tsawo da duhu. Waɗanda suka fara a 1997 sun jira har 2007 kafin su ga ƙarshe, suna girma a hanya. Yaron yau zai iya kai wa na bakwai cikin wata uku yana nan a shekararsa 9.

Littafin zane-zane, wanda ake ba da labari da hotuna da 'yan maganganu a cikin da'ira, shi ne inda ra'ayin yara da na iyaye suka fi yin hannun riga. Iyaye suna cewa ba karatu ba ne. Ni ma na faɗa. Amma mai karanta shi yana haɗa rubutu da fuska da abin da ya faru tsakanin hoto da hoto wanda ba a zana ba, kuma wannan aiki ne na ƙwaƙwalwa. A 2020 littafin zane mai suna New Kid na Jerry Craft ya ci lambar Newbery, karo na farko da irinsa ya ci. Aibinsa ɗaya ne a wurin mai saye: bugun launi yana da tsada, ga shi yaro yana gamawa cikin awa guda. Abin da yake rama wannan shi ne ana maimaita shi fiye da kowane irin littafi. Wanda yaro ya aro sau biyu ya sake nema, shi ya cancanci a saya.

Takarda, allo ko sauti? Ga ƙananan yara takarda, ba sai an ja magana ba. Ga matashi, na'urar karatu wadda ba ta yin komai sai littafi ta fi waya, domin a waya labari yana gasa da saƙonni kuma shi ne yake faɗuwa. Littafin sauti yana da amfani ga yaron da kunnensa ya riga idonsa, wato yana fahimtar labari mai zurfi idan an karanta masa amma bai iya karanta shi da kansa ba tukuna.

Akwai wani ma'auni da wata malama a Amurka, Rudine Sims Bishop, ta kawo a 1990, inda ta ce littafi yakan zama madubi ko taga. Madubi shi ne wanda yaro yake ganin irin kansa a ciki, sunansa, harshensa, irin gidansu. Taga kuma ita ce ta leƙa rayuwar wasu. Dubi abin da yaronka ya riga ya mallaka, ka ga wanne ya yi ƙaranci, ka cike nan. Yaron da duk littattafansa tagogi ne yakan fara zaton labari abu ne da yake faruwa da wasu mutane a wata ƙasa.

Saura batun da ya fi yi wa mai biya ciwo: ka saya, bai gama ba. Marubucin nan na Faransa Daniel Pennac, wanda malamin makaranta ne, ya lissafa haƙƙoƙin mai karatu guda goma a 1992, daga ciki har da haƙƙin tsallake shafuka, haƙƙin maimaitawa, da haƙƙin ƙin gama littafi. Na daɗe ban yarda da na ƙarshen ba, domin aljihuna ne yake magana. Yanzu yarjejeniyarmu a gida babi uku ce. Idan an kai nan bai kama ba, a ajiye, ba faɗa.

Shi kuwa mai tambarin nan nawa, watan jiya na sauko da shi na fara karanta mata da daddare, babi ɗaya kafin barci. Har yanzu tana kan bakanta cewa farkonsa ya yi sanyi, kuma da na sake ji da kunnena, na ga tana da gaskiya. Muna babi na bakwai. Shekaranjiya na tarar alamar da nake sakawa ta matsa gaba da shafi goma sha biyu, na tambaye ta, ta ce ita ba ta taɓa shi ba.