Daga Ingila: ga masu neman a sayo musu kyamarar aiki

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'ar hoto. Saƙon da ake yawan turo wa mazauna Ingila shi ne: wace kyamara za a sayo, Canon, Nikon ko Sony? Kafin a kai ga suna, a san cewa abin da ake saya shi ne bakin kyamarar, wato wurin da lensi yake shiga. Jikin kyamara bayan 'yan shekaru canja shi za a yi, amma lensunan da ka tara su ne za su ɗaure ka.

Sony ta fito da A7 marar madubi (wato wadda ba madubi tsakanin lensi da sensa, farantin da ke kama hoton) mai babbar sensa tun 2013, Canon da Nikon kuwa sai 2018 suka kawo nasu, bakin RF na Canon da bakin Z na Nikon. Wannan tazara har yau tana bayyana a farashi: lensunan kamfanonin Sigma da Tamron masu shiga Sony sun yi yawa, kuma sun fi na Sony ɗin kanta sauƙi ƙwarai. Canon ta daɗe tana hana wasu yi wa RF lensi mai saita kansa, wato wanda ba sai an murɗa shi ba hoto zai fito sarai. Sai dai wanda ya riga ya tara lensunan EF, na tsohon bakin Canon, kada ya zubar, da adaftar Canon suna aiki sarai a jikin kyamara mai bakin RF irin R6. Nikon ma tana da adaftar FTZ, amma tsofaffin lensunanta samfurin AF-D ba sa saita kansu a kanta, sai da hannu. A wurin kamu, amarya na tafe ana liƙi, wa ke da lokacin murɗa lensi?

Maganar araha, sabon kaya a nan ba shi da ita. Harajin VAT kashi 20 ne cikin ɗari, kuma tun farkon 2021 aka daina mayar wa baƙi shi a filin jirgi. Inda Ingila ta yi fice shi ne kasuwar kayan hannu. Shaguna irin su MPB da Wex suna gwada kowace kyamara, su bayyana matsayinta, galibi har da adadin hotunan da ta ɗauka, su kuma ba da garanti. Wannan adadi yana da muhimmanci: Canon 5D Mark IV an yi wa ƙofar haskenta, mai buɗewa ta rufe a kowane hoto, ƙiyasin dannawa 150,000, don haka wadda ta kai 130,000 a lissafa kuɗin gyara cikin farashinta. Doka kuma tana bayan mai saye, kwana 14 na mayar da abin da aka saya daga shago ta intanet, kwana 30 na ƙin karɓar mai lahani. A gida kuwa sau da yawa ciniki ya faɗa, shi ke nan. Amfanin wannan doka yana ƙarewa ne idan kaya sun hau jirgi, saboda haka wanda aka aika ya gwada komai tun yana nan: ya ɗauki farin bango da f/16, wato ya tsuke kafar hasken lensi, don ganin datti a sensa, ya haska fitilar waya cikin lensi don neman fumfuna. Garantin nan galibi na yankin Turai ne, kada a dogara da shi a Kano ko Maraɗi.

A ganina mai hoton biki bai kamata ya sayi kyamara mai gurbin katin ajiyar hoto ɗaya ba. Sony A7 III, Canon R6 da Nikon Z6 II duk suna rubuta hoto a kati biyu lokaci guda. Canon RP da R8, da Nikon Z6 ta farko, kati ɗaya ne. Kati ya lalace, ba a sake ɗaurin aure.

Sannan a duba abin da abokan sana'a suke riƙe da shi a garinku. Idan Canon ce ta cika gari, nan za ka sami aron lensi, batir da mai gyaran da ya san cikinta. Ƙurar hunturu ma abin lura ce, don marar madubi sensarta a fili take da an cire lensi. R6 tana rufe ta idan an kashe. A haɗo da roba mai hura iska da tsinken goge sensa, a nan ba su da tsada.

Filogin Ingila mai ƙafa uku daidai yake da na Najeriya, mutanen Nijar ne za su nemi adafta. Batir kuma a sayo na asali aƙalla uku, a sa su a jakar hannu, domin kamfanonin jiragen sama ba sa yarda batirin da ba ya cikin na'ura ya shiga akwatin da ake aunawa.