'Yar na'urar ELM327: abin da ta yi mini a gyaran mota a gida, da inda ƙarfinta ya ƙare

Duk mai motar Kwatano ya san wannan fitila mai ruwan ɗorawa da ke kamawa a dashbod, wadda makanikai ke ce wa cek injin. Da yawanmu mun saba da ita har mun daina ganinta, wani ma salatif yake liƙa mata. Ni kuwa ta daɗe tana damuna, domin na san magana motar take yi, ni ne ba na jin yarenta. Wannan ne ya sa na sayi 'yar na'urar nan da ake kira ELM327, kuma yanzu da na yi rani da damina da hunturu ina aiki da ita a kan Corolla ɗina ƙirar 2007, ina ganin na isa in faɗi ra'ayina. A taƙaice, ta biya kuɗinta tun a aikin farko. Sai dai ba abin da masu tallarta ke cewa ba ce, kuma wanda ya saye ta da tunanin ya sallami makaniki zai sha mamaki.

'Yar ƙarama ce, tana ɓacewa a tafin hannu. Ana cusa ta a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, sai a murɗa makulli fitilun dashbod su kawo, a haɗa ta da waya ta Bluetooth. Lambar haɗawa yawanci 1234 ce, wasu kuma 0000. Ita na'urar ba ta da allo. Tsakani kawai take shiga, ta ɗauko bayani daga kwamfutar motar, wadda 'yan gareji ke kira burenbos, ta miƙa wa manhajar da ke waya. Na gwada Torque da Car Scanner, kowacce tana da ta kyauta, kuma ta kyautar ta wadatar da mai mota ɗaya. Na fi sakewa da Car Scanner saboda yadda take zana layin hawa da saukar lambobi. Dukkansu da Turanci suke magana, don haka wanda karatun bokonsa bai yi nisa ba zai buƙaci ɗa ko ƙane a kusa a karon farko.

Kafin ka saya, ka tabbatar motarka za ta amsa. Tsarin nan na kafar da yaren da kwamfutar mota ke magana da shi ta cikinta, wato OBD-II, ya zama dole ga motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996. A Turai sai 2001 aka wajabta shi ga masu fetur, masu gas, wato dizal, kuma 2004. Ke nan motar da ta zo daga Amurka kusan ba fargaba, amma tsohuwar Golf ko Peugeot ta Turai da ta girmi waɗannan shekaru, ko motar da aka ƙera don kasuwar Japan aka juya mata sitiyari, tana iya samun kafar amma ta ƙi magana. Masu iPhone kuma su kula: wadda ke aiki da tsohon Bluetooth ba ta haɗuwa da wayarsu, sai mai Wi-Fi ko mai sabon Bluetooth ɗin da ake rubuta wa 4.0.

Akwai kuma maganar asali. Wani kamfanin Kanada, Elm Electronics, shi ya ƙirƙiri ainihin ƙwayar ELM327, kuma ya rufe a 2022. Kusan duk masu arahar da ke yawo a kasuwa kwaikwayo ne. Abin lura shi ne, wadda aka rubuta wa v1.5 ita masu amfani suka fi yabawa, alhali kamfanin bai taɓa fitar da 1.5 ba, masu rubutun v2.1 masu arha kuwa sun yi suna wajen ƙin haɗuwa da tsofaffin motoci. Tawa mai 1.5 ce. Idan a shago za ka saya, a Ƙofar Ruwa ne ko Panteka ko ina, ka je da motarka a gwada a gabanka kafin ka biya.

Aikin farko da ta yi mini shi ne na lambar P0171. Idan fitilar ta kama, kwamfutar motar tana ajiye lambar matsalar, ita na'urar ke karanto maka. Kowace lamba tana da ma'ana: harafin P na injin da giya ne, B na jikin mota, C na ƙafafu da birki, U na sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. P0171 na nufin iska ta yi wa fetur yawa a cikin injin. Motar ta rage ƙarfi idan na taka totur a hawa, kuma an riga an ce mini sai dai in canza famfon mai da nozul gaba ɗaya. To a nan ne na fahimci cewa darajar na'urar ba a lambobin take ba. Lamba tana faɗa maka abin da kwamfuta ta gani ne, ba ta faɗa maka ƙarfen da ya lalace. Abubuwa da dama na iya kawo P0171: tiyon iska da ya tsage, famfon mai da ya gaji, nozul da ya toshe, ko sensar auna iska da ta yi datti. Abin da ke raba gardama shi ne bayanan da manhajar ke nunawa kai tsaye injin na aiki.

Cikin waɗannan bayanai akwai biyu da ke nuna yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa don ta daidaita ƙuna, a manhaja za ka gan su da sunan STFT da LTFT, na farko na nan take, na biyu na dogon zango. A lafiyayyen inji suna wasa ne kusa da sifili, ba su cika wuce kashi 10 sama ko ƙasa ba. Ƙa'idar da na koya, wadda kuma ta tabbata a motata, ita ce: idan lambar ta yi sama a sulo amma ta sauko da ka ba injin wuta, iska ce ke satar hanya ta wani tsage, domin a sulo ne wannan 'yar iskar ke da tasiri. Idan kuwa a sulo lafiya lau, sai ka taka ta haura, to ka duba sensar iska ko ƙarfin mai. Tawa a sulo ba ta da laifi sosai, amma a kan titi tana haura kashi 25. Na buɗe bonet, sensar tana nan a bakin akwatin eya kilina, sukurori biyu ne ke riƙe da ita. Da na haska cikinta sai ga 'yan siraran wayoyin sun yi jawur da ƙura. Ba abin mamaki ba ne ga motar da ke shaƙar ƙurar hunturu da ta hanyar unguwa marar kwalta, ga shi eya kilinar da ke ciki irin mai arhar nan ce da ba ta zama daidai a mazauninta. Na fesa mata maganin da aka yi musamman don wanke wannan sensa, na bar ta ta bushe, na sa sabuwar eya kilina mai kyau. Don Allah kada a wanke ta da fetur ko maganin kafireto, kada kuma a taɓa wayoyin da tsinke ko auduga, yankewa suke yi. Bayan 'yan zirga-zirga lambar ta sauko ƙasa da kashi 5, ƙarfin mota ya dawo, famfon mai da aka yanke wa hukunci kuma har yau shi ke ciki.

Na biyu bai ɗauki lokaci ba. Wata safiya injin ya fara karkarwa yana misin, fitilar kuma maimakon ta tsaya sai ta riƙa ƙiftawa. Ƙiftawar nan gargaɗi ne mai tsanani: ɗanyen fetur na wucewa cikin salansa, yana iya ƙona abin tace hayaƙi, don haka ba a ci gaba da tafiya a haka. Na'urar ta ba ni P0302, wato silinda ta 2. A wannan injin kowane fulogi da kwayil ɗinsa a kai, noti ɗaya mai lamba 10 ke riƙe da shi. Na musanya kwayil na 2 da na 3, na goge lambar, na tayar. Sai ta dawo P0303. Matsalar ta bi kwayil ke nan, ba fulogi ba ne, ba nozul ba. Guda ɗaya na saya.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, wanda kuma ya sa na zauna rubuta wannan, shi ne zafin injin. Allurar dashbod ba ta faɗar gaskiya dalla-dalla, manhajar kuwa tana ba ka digiri. Na lura da sanyin safiya a kan babban titi ruwan injina ba ya kai digiri 70, wani lokaci ma yana komawa ƙasa idan na ƙara gudu. Da aka buɗe, sai aka tarar babu tamostat, wato abin da ke tare ruwan injin har sai ya yi zafi, kwata-kwata, wani a baya ya cire shi. Wannan al'ada ce da ta zama ruwan dare a garejojinmu: mota na sauka daga Kwatano a ce ai na ƙasar sanyi ne, a cire, wani ma a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayarwa. Ina girmama makanikanmu, mutane ne da ke raya motocin da a wata ƙasa da tuni an kai su bola, amma a wannan batu ban yarda da su ba. Tamostat ɗin wannan injin yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82, domin an ƙera injin ya yi aiki da zafi tsakanin 80 da 90 da 'yan kai, ko a Kano yake ko a Kanada. Idan ya zauna da sanyi, kwamfuta tana ɗauka har yanzu ɗumama yake, sai ta ci gaba da zuba mai fiye da kima. Ragowar man yana wanke bangon silinda, yana gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wa ke da man da zai ƙona a banza? Motar da ke zafi tana da dalilinta: lagireto ya toshe da tsatsar ruwan rijiya, ko murfinsa ya saki, ko fanka ta mutu, ko famfon ruwa ya gaji. Cire tamostat rufe ciwo ne da tsumma. Aikin mayar da tamostat ɗin ban yi shi da kaina ba, makanikina na kai wa, domin sai an zubar da ruwa an sake cikawa an fitar da iska. Da farko bai so ba, ya ce zan dawo masa da mota tana tafasa. Na roƙe shi ya saka, muka zuba ruwan kulan na gaskiya, muka tsaya tare muna kallon wayar har zafin ya hau ya tsaya inda ya kamata, fanka ta kama da kanta ta kuma saki. Mun wuce zafin Afrilu da cunkoson cikin gari ba ta tafasa ba, kuma na ga sauƙi a shan mai.

Wani ƙaramin amfani: tana nuna ƙarfin batir. Lafiyayyen batir a kashe yana wajen 12.6, idan injin na aiki kuma ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai haka ba, caji ne ba ya shiga, kada ka yi saurin sayen sabon batir. Lambar da irin tawa ke bayarwa takan ɗan kauce, don haka ina tabbatarwa da mita.

Yanzu ga inda ta gaza. Injin kawai ta sani sosai. Fitilar ABS ta birki ko ta jakar iska in ta kama, tawa ba ta ganin komai, sai an je wajen mai babbar kwamfuta. Ba ta jin ƙarar ƙafa, ba ta san birki ya cinye ba, ba ta ganin yoyon mai ko belt da ya tsattsage. Waɗannan aikin ido ne da kunne da hannu. Haɗin yakan yanke a tsakiyar aiki sai an cire an mayar. Sannan kafar da ake cusa ta tana da wuta ko da mota a kashe take, don haka in ka bar ta a ciki ka yi tafiya ta kwanaki, kana iya dawowa ka tarar batir ya yi sanyi. Ni cire ta nake yi in jefa a aljihun dashbod. Kuma idan za a duba bayanai a kan titi, wani ya riƙe wayar, direba ya kalli gabansa.

Babban haɗarinta kuwa maɓallin goge lamba ne. Dannawa ɗaya fitila ta mutu, mutum ya ji kamar ya yi gyara, alhali bai taɓa komai ba. Gogewar tana tafiya har da hoton yanayin da injin yake ciki lokacin da matsalar ta faru, gudu nawa, zafi nawa, wanda shi ne zai taimaki mai gyara. Ka ɗauki hoton allon tukuna. Masu sayar da mota marasa tsoron Allah ma da wannan maɓalli suke rufe aibi, sai dai na'urar tana tona su. Bayan an goge, gwaje-gwajen da kwamfutar mota ke yi wa kanta suna komawa matsayin ba a kammala ba, kuma sai an yi tafiya mai ɗan tsawo suke cika. Idan ka je sayen mota ka ga dashbod fes amma yawancin gwaje-gwajen nan ba su kammala ba, to kwanan nan aka goge wani abu, ko aka cire kan batir, ka tambayi dalili. Ka kuma lura ko fitilar cek injin tana kamawa idan an murɗa makulli kafin a tayar. In ba ta kama ba, ko dai ƙwanta ya mutu ko an kashe shi ne. Lambar P0420 ma abin dubawa ce, domin sau da yawa tana nufin abin tace hayaƙin da ke cikin salansa, wanda 'yan gareji ke ce wa indomi, ya mutu ko an fasa an kwashe shi saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa.

Wa ya kamata ya saya? Duk mai motar fetur da ta dace da tsarin, wanda ba ya ƙyamar buɗe bonet, yana kuma da haƙurin karanta ma'anar lamba kafin ya taɓa sifana. Kuɗin da na ba da bai kai na galan ɗin baƙin mai mai kyau ba. Ko ba za ka kwance noti ɗaya ba, zuwa gareji da lamba a hannu da bayanin lokacin da abin ke faruwa yana rage canje-canjen kaya na lalube, kuma makanikin kirki yana jin daɗin hakan. Mai gareji ko mai rewaya kuwa kada ya tsaya a wannan, ya tara kuɗi ya sayi babba mai shiga ABS da giya da jakar iska, domin motocin da ke shigowa yanzu kwamfutocinsu sun fi ƙarfin 'yar wannan.